Takabar Inna Hauwa da Jiniyar Gidan Ƙanƙara

Yaran gidanmu Kawu Jiniya suke ce mini, da farko a bayan idona, yanzu kuwa har a gabana. A ganinsu, duk shekarun da na yi ina aikin kiyaye haɗari a gidan ƙanƙara, zama na yi a inuwa ina jiran ranar da zan danna maɓalli. Kwanaki Faisal, ɗan ƙanwata, ya zo da labarin wai ana maganar ƙasashen nan za su gina tashoshin lantarki na nukiliya, shi kuma yana so ya karanci yadda ake tsara kwashe mutanen da ke zaune kusa da irin waɗannan wurare in abu ya lalace. Na ce masa madalla. Sai ya ƙara, da Larabci kamar yadda suka saba, cewa ai abu ne mai sauƙi: taswira ce da kwamfuta, a zana da'ira, a ce na ciki su fita. Ni ban san nukiliya ba, ban taɓa ganin tasharta ko a mafarki ba. Amma na san mutanen cikin da'ira, don su ne aikina shekara da shekaru. Saboda shi da ire-irensa na zauna rubuta wannan.

Gidan ƙanƙarar yana can gefen Harra ta Yamma, a bayan garin Madina. Lokacin da aka gina shi babu komai a wurin sai baƙin dutse da karnuka. Ana yin ƙanƙara a kai wa otal-otal na kusa da Harami, ana kuma ajiye dabino a manyan ɗakunan sanyi har Ramadan ya zo. Abin da ke sanyaya wurin wata iska ce da ake kira amoniya, Larabawa su ce nashadir, tana matse cikin tankuna da bututu. In tana ciki, baiwar Allah ce. In ta fito da yawa, sai ta zama farin hayaƙi mai bin ƙasa, ta nemi duk inda ke da laima a jikin mutum, ido da maƙogwaro da huhu, ta ƙone shi. Kafin in fara aiki, jim kaɗan bayan yaƙin Kuwait, gidaje sun riga sun matso har sun jingina da katangarmu ta baya. Akasarinsu namu ne, jikokin waɗanda suka tako daga Kano da Damagaram da Wadai, sai kuma sababbin zuwa masu iƙama, wato takardar izinin zama. Wannan lungu na bayan katanga da shi nake kwana, da shi nake tashi.

Aikin farko da maigidana Ustaz Bashir ya ba ni shi ne bin bututu da sandar farar wuta. Basudane ne, dogo, marar yawan magana, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ana kunna sandar, a bi da ita gaɓa-gaɓa, duk inda iskar ke tsiyaya ko da kaɗan ne, sai hayaƙin sandar ya yi fari fat ya tona asirin wurin. Na yi watanni ina wannan, a durƙushe, a kwance, wani lokaci a saman tsani. Bayan haka ya koya mini sa abin rufe fuska da goya silindar numfashi ido a rufe, don ya ce ranar da zan buƙace su ba zan iya buɗe ido ba. A nan muka fara samun saɓani, don robar fuskar ba ta kama fata in akwai gemu. Ya kawo almakashi ya ajiye a gabana, ya ce, "Ya Haruna, ko gemu ko huhu." Na rage gemun. Mahaifiyata ta yi sati tana kallona kamar an canza mata ɗa.

Sai kuma iska. A saman babban tankin akwai wata jakar jan yadi mai kama da ƙafar wando, a ɗaure a sanda, duk inda iska ta nufa can take miƙewa. Kullum da safe, kafin ya amsa gaisuwata, sai Ustaz ya tambaye ni ina ƙafar wando take kallo. In na ɗaga kai don in duba, ya ce na makara, kamata ya yi in duba tun daga bakin titi. Dokar gudun amoniya ɗaya ce: ba a gudu a gabanta, don ta fi ka sauri kuma hanyarku ɗaya. Yanke ta ake yi a gicciye, dama ko hagu, da jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci. Gidajen da ke manne da katanga su fita. Na nesa su rufe ƙofa da taga, su toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul, su kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Mukayyif ɗin mutanenmu a lokacin irin na sahara ne, mai ruwa da fanka, wanda aikinsa ke nan ya zuƙo iskar waje ya hura cikin ɗaki. Ka je ka ce wa mutumin Madina ya kashe shi da tsakar rana a bazara, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Da yake ni ɗan hara ne, wato ɗan unguwar, ina jin Hausa da Larabci, sai Ustaz ya sallama mini lungun gaba ɗaya. Ya ce shi da makanikai su ne masu bututu, ni ne mai mutane. Na bi gida-gida, na sha shayi har cikina ya gaji. Na yi bayani a masallaci bayan Isha'i, kowa ya gyaɗa kai. Muka sa ranar gwaji, aka sanar da hukuma da 'yan kwana-kwana, aka sanar da kowa cewa gwaji ne, in an ji jiniya a nufi filin ƙwallon yara da ke arewa da lungu.

Na danna jiniya, na zagaya zuwa filin da gudu ina jiran jama'a. Babu kowa sai awaki biyu. Ina tsaye sai oba-oba ta yi ƙara, muryar Ustaz ce: "Ya Haruna, zo ka ɗauki mutanenka." Na koma na tarar da rabin mazan lungu a ƙofar masana'anta, wani da bokiti, wani da bargo, wani tsoho har da gatari. Sun zo kai ɗauki. Na ce, "Ba cewa muka yi a gudu ba?" Wani dattijo mai suna Malam Sidi, wanda gidansa ke jingine da katangarmu, ya ce, "Haruna, ka ji kunya mana. Maƙwabci na ihu, ka ce mu juya masa baya? Mu ba a haife mu a haka ba." Sauran suka ce sahih, sahih.

Ran nan na yi fushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Da a ce da gaske ne abin, da duk sun zube a bakin ƙofa da bokitansu. Amma da na huce sai na ga ba wauta ba ce, hali ne, kuma halin da ya riƙe kakanninmu a hanya har suka iso garin nan. Ba za ka cire wa mutum hali da lasifika ba. Abin da ya rage shi ne a juya masa akala. Muka zauna da dattawa, na ce to, tunda ba ku iya gudu ku bar maƙwabci, mun yarda. Amma maƙwabcin ba mu ba ne, mu muna da abin rufe fuska. Maƙwabcin shi ne tsohon da ba ya ji, da mai jego, da gurgu, da wadda mijinta ke wurin aiki. Kowane gida mai ƙarfi aka haɗa shi da gida mai rauni. In jiniya ta yi kuka, ba gudu kake yi ba, ɗauko naka za ka yi ka kai shi fili. Tun daga ranar kalmar gudu ta fita daga bakina, sai ɗauko. A gwaji na gaba har gardama aka yi, kowa na so a ce shi ya riga kai nasa.

Ɓangaren mata kuwa ba ni na yi shi ba, don iyakata zaure. Hajiya Rabi ce ta yi. Ita ce mai wankan jego da wankan gawa a lungun, tana kuma sayar da kunun gyaɗa da safe, saboda haka babu labulen da ba ta ɗagawa. Gajera ce, mai faɗa, muryarta har titi. Ita ta koya wa mata inda ake kashe mukayyif, ita ta sa kowane gida ya riƙa ajiye bokitin ruwa da tsofaffin mayafai a bayan ƙofa. In wata ta yi ƙorafi, sai ta ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya, yalla, cika bokitin." Ita da kanta ta zaɓi gidan Malam Sidi ya zama nata, don matarsa Inna Hauwa ƙawarta ce, ta kuma girme ta, ga ciwon gwiwa.

Shekarar da ta ba mu wuya ta fara da rasuwar Malam Sidi, a farkon bazara. Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi Baƙi'a, Inna Hauwa ta shiga takaba. Ranar sadakar uku Hajiya Rabi ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Kai mai jiniya, ka yi tunanin mai takaba?" Gaskiya tsarinmu bai taɓa cin karo da wannan ba. Mace mai takaba ba ta barin gidan mijinta har kwanakinta su cika, kuma matan zamanin Inna Hauwa ko zaure ba sa leƙawa. Na je wurin limamin masallacinmu. Bai ko buɗe littafi ba, ya ce in akwai tsoron halaka ta fita, babu laifi a kanta, hasali ma wajibi ne. Hajiya Rabi ta kai mata saƙon. Da na tambaye ta me Inna Hauwa ta ce, sai ta taɓe baki. "Ta ce ta ji." Duk wanda ya tashi a gaban tsofaffinmu ya san tazarar da ke tsakanin na ji da na yarda.

Abin ya faru ne tsakanin Azahar da La'asar, lokacin da rana ke narka kwalta, kowa na kwance a ƙarƙashin mukayyif. Wata tsohuwar mahaɗar bututu ce ta tsage a bayan ɗakin injuna. Na ji ƙarar kamar an sako tayar babbar mota, kafin in miƙe warin ya iso, irin na tsohon garken awaki amma ninkin-ba-ninkin. Na duba ƙafar wando: kai tsaye take nuna lungu. Na danna jiniya, na sa fuska, na goya silinda. Ustaz da makanikai suka nufi wurin rufe bututun, wasu suka kafa mesar ruwa a kan katanga suna feshi, don ruwa na shanye amoniya. Duk da haka farin hayaƙin yana tsallakowa yana kwanciya a lungu.

Abin da na gani a lungun shi ne ladan duk shayin da na sha. Babu wanda ya nufo ƙofarmu. Ga wani tela da tsoho a goye, ga mata da jiƙaƙƙun mayafai a fuska suna jan yaran maƙwabta, duk sun yanki iska sun nufi arewa. Gidajen nesa sun yi tsit, babu gurnanin mukayyif ko ɗaya. A filin ƙwallon ba a tsaya kiran suna ba, kowa ya ɗaga hannun nasa a gani. Mutum biyu ne babu: Hajiya Rabi da Inna Hauwa.

Na ce wa wani mai wanet, wato a-kori-kura, ya tsaya mini a kusurwar da hayaƙi bai kai ba, na koma. Gidan Inna Hauwa yana cikin farin hayaƙin sosai, kuma mukayyif ɗinsu na ta gurnani yana zuƙar hayaƙin yana tura musu. Na fara buɗe akwatin mita da ke waje na kashe wutar gidan gaba ɗaya. Na shiga zaure, na tsaya a bayan labulen ɗakinta, na yi sallama da muryar da ke fita ta cikin roba.

Tari na fara ji, sannan muryar Inna Hauwa. "Waye nan? Namiji ne? Kada ka shigo, takaba nake."

"Inna, Haruna ne. Liman ya ce ki fito. Wallahi iskar nan kashewa take."

"Na ji abin da liman ya ce. Ɗan nan, ubana ya taka daga Damagaram da ƙafarsa, ya binne 'ya'ya biyu a hanya, don kawai ya mutu a garin Manzo. Ni ga ni a Madina, a ɗakin mijina, cikin takabarsa. In ajalin ne, wa ya taɓa samun irin wannan? Halas, magana ta ƙare, ku tafi."

Na tsoma mayafai biyu a bokitin bayan ƙofa na miƙa ta gefen labule, Hajiya Rabi, wadda ke ciki tana ta lallashinta, ta karɓa. A raina na riga na yanke cewa in ta ƙi, zan ɗaga labulen in sungume ta, hara ta faɗi abin da za ta faɗa. Amma na san hakan ba dabara ba ce. Inna Hauwa mace ce mai jiki, kuma wanda ke kokawa numfashi yake ja da ƙarfi, ya zuƙi gubar har ƙasan huhu. Ga su biyu, bayana ɗaya. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don ina da duk kayan aiki a jikina kuma babu wanda zai yi mini amfani.

Sai na ji Hajiya Rabi ta daina lallashi. Na ji ƙarar tabarma, alamar ta zauna.

"Ke Rabi, me kike yi?" in ji Inna Hauwa.

"Zama nake, Yaya."

"Tashi ki bi yaron nan."

"Ke aka ba ni in ɗauko. In je fili hannu rabbana, a ce ina taki, in ce na baro ta? Tayyib, tunda mutuwar Madina ce, ai ni ma ina so. Matsa mini."

"Ke ba takaba kike ba."

"Baƙuwarki ce ni. A ɗakinki zan mutu, a kan tabarmarki. Gobe ƙiyama sai ki yi wa Malam Sidi bayani."

Tari ya sarƙe Hajiya Rabi a nan, mai tsawo, irin wanda ke fitowa daga ƙirji. Na kama labulen da hannu. Ban kai ga ɗagawa ba na ji Inna Hauwa na cewa, a fusace, "Allah ya shirye ki, Rabi. Tun muna 'yan mata haka kike, ba ki barin mutum ya yi abinsa cikin mutunci. Ba za ki mutu mini a ɗaki ba. Kama ni in tashi." Sannan ta ɗaga murya: "Kai Haruna, juya bayanka."

Na juya bayana. Na kwance igiyar da ke ƙuguna na miƙa baya, Hajiya Rabi ta riƙe, Inna Hauwa ta riƙe Hajiya Rabi. Na ce su rufe ido, su yi numfashi kaɗan-kaɗan ta cikin mayafin. Haka muka fito, ni a gaba kamar ɗan jagora, muna tafiyar gwiwar Inna Hauwa, wadda ba ta san ana sauri ba. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya har muka kai wanet, nauyin igiyar ne kawai ke gaya mini suna nan. Muna isa fili oba-oba ta yi ƙara, Ustaz ya ce sun rufe bututun.

Ba a rasa rai ba. Wasu sun kwana asibiti ana wanke musu ido, Hajiya Rabi ce ta fi daɗewa, don ita ta fi zuƙa. Ta warke, sai dai muryar nan da ake ji har titi ba ta dawo ba, ta koma dusasshiya har ƙarshen rayuwarta. Masana'anta kuwa hukuma ta rufe ta watanni, dabinon da ke ciki ya lalace, Ramadan ya zo ya same mu a zaune. Sai da aka sauya bututun duka, aka mai da babban tankin can gaba nesa da gidaje, sannan aka bari muka buɗe. Inna Hauwa ta yi 'yan kwanaki a gidan 'yarta a unguwar Ƙurban, da izinin liman, muka wanke gidanta muka bar shi a buɗe har warin ya fita, ta dawo ta ƙarasa takabarta a ɗakin mijinta kamar yadda take so.

Na zaci ba za ta sake yi mini magana ba. Bayan ta fita takaba da 'yan kwanaki, ina zaune a bakin ƙofar masana'anta ina wanke robar fuska da ruwan sabulu, sai ga ta tafe da sanda, tana hutawa a kowace inuwa. Tunda nake ban taɓa ganinta a wannan gefen katanga ba. Na miƙe na durƙusa na gaishe ta, na yi mata barka da fita. Ta amsa a taƙaice, ta ƙi kujerar da na jawo.

"Kai ne mai rabon mutane?" ta ce.

"Ni ne, Inna."

"Kowa a lungun nan yana da wanda zai ɗauko, ni ce kawai kaya. To na gaji da zama kaya. A ba ni nawa."

Na dubi sandar, na dubi gwiwar, na fara neman kalmar da ba za ta ɓata mata rai ba. Ba ta jira ni ba.

"Ba shawara na zo nema ba, na riga na zaɓa. Rabi za ka ba ni. Yanzu ba ta da muryar kiran kowa, in abu ya same ta babu mai ji. Kuma waccan, in ba a je an ɗauko ta ba, zama za ta yi a ɗakin mutane."

Na ce, "An ba ki, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta juya, ta kama hanyar lungu a hankali. Ba gida ta nufa ba, na ga ta tsaya a ƙofar Hajiya Rabi tana buga ƙyaure da sanda, don ta gwada ko ana ji daga ciki.